Giɓin da Haƙori Ya Bari

Masu iya magana kan ce, ko tsakanin harshe da haƙori akan saɓa. Ban san zurfin wannan magana ba sai ranar da likita ya cire mini haƙorin gaba, ina aji uku a jami'a, saura mako biyu in gabatar da takarda a gaban 'yan ajinmu. Duk sa'ad da na buɗe baki sai iska ta sulale ta giɓin, kalmomi su fito a gurguje. Kunya ta lulluɓe ni, har na ƙudurta roƙon malaminmu ya ɗauke mini wannan nauyi.

Wani abin mamaki, batun da aka ba ni shi ne asalin kalmar haƙori a harsunan dangin Jamusanci. Da na duƙufa bincike sai na tarar mutanen Ingila na cewa tooth, Jamusawa Zahn, mutanen Holan da Suwidin tand. A fassarar Baibul da Wulfila ya yi wa Gotawa a ƙarni na 4 kuwa, tunthus ce. Dukkansu tsatsonsu ɗaya da dent- ta Latin, kuma masana da dama na ganin tushen aikatau ne mai ma'anar ci, wato haƙori "mai ci" ne. A shekarar 1822 Jacob Grimm ya bayyana yadda d ta rikiɗe ta zama t, ita kuma t ta koma th a bakin kakannin waɗannan al'ummu. Daga bisani Jamusawa suka sake mayar da t ta farkon kalmar z.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne n. Tana nan daram a tand da Zahn, a Ingilishi kuwa ta faɗi, sai wasalin da ya gabace ta ya yi tsawo ya cike gurbinta. Haka ta faru ga goose, wadda Jamusawa ke kira Gans. Ashe ita kanta kalmar haƙori ta haura shekara dubu da giɓi, bai kuwa hana ta shiga taro ba.

Ranar gabatarwa na miƙe, na nuna musu giɓina, na ce ga misalin farko. Aka fashe da dariya, sa'an nan aka yi tsit ana saurare. Tun daga ranar ban ƙara rufe baki da hannu ba idan zan yi magana.