Sabuwar Katifa Ko Ta Gwanjo?

Batagarawa gari ne a kudu da birnin Katsina, a kan hanyar Dutsin-ma. A cikin ƙasarta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take, wadda aka kafa a shekarar 2006. Kowace shekara ɗalibai sukan zo daga garuruwa masu nisa, waɗansu su kama ɗakin haya. Abin da baƙo ke fara nema kuwa shi ne shimfiɗa, gama wanda bai yi barci ba, ba ya fahimtar karatu.

Ni ma ina cikin irin waɗannan ɗalibai. Da zan bar gida, mahaifiyata ta sayar da akuyarta ta ba ni kuɗin. Da su zan sayi katifa, da littattafai, da abincin wata guda. Na taya sabuwar katifa a Katsina, na ga in na saye ta, babu na littafi. Ta gwanjo kuwa, watau wadda wani ya riga ya kwana a kanta, ba ta wuce rabin wannan kuɗi ba. Sai na tafi wurin kawuna neman shawara.

Kawu ya ce, "Ɗana, sayen gwanjo ba abin kunya ba ne, amma da ido ake yinsa. A zamaninmu katifar audugar rimi muke kwana a kai. In ta kwanta sai a farke ta, a shanya audugar, a ƙara wata, a ɗinke. Ta soso ba haka take ba. In soso ya mutu, ya mutu ke nan."

Na ce, "To, Kawu, yaya zan gane mai kyau?"

Ya ce, "Abu uku za ka duba. Na ɗaya, ka ɗaga ta. Soso mai nauyi ya fi marar nauyi ƙarko. Na biyu, ka danna tsakiyarta da gwiwa. In ramin bai cike nan da nan ba, bar ta, ciwon baya za ka saya. Na uku, ka buɗe bakin ɗinkinta a cikin hasken rana, ka nemi kuɗin cizo."

Yara, kun dai san kuɗin cizo. Ɗan ƙwaro ne ja-ja, shafaffe, ba shi da fiffike. Da rana yakan ɓuya a cikin ɗinki, da dare ya fito ya sha jinin mai barci. Ƙwansa fari ne, ƙanƙane ƙwarai, yakan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 10. Yana iya yin watanni bai ci kome ba, bai kuwa mutu ba. Alamarsa ita ce ɗige-ɗige baƙaƙe a gefen katifa.

Kawu ya raka ni, muka duba katifa uku. Ta farko ta lotsa a tsakiya kamar akushi. Ta biyu tana da kauri da kyan yadi, mai ita har ya rage mini kuɗi, amma da muka buɗe ɗinkin sai ga ɗige-ɗigen nan birjik. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Araha ba ta ado." Ta uku ta wani ɗalibi ce da ya gama karatu zai koma garinsu. Ƙarama ce, amma da nauyi, ga tsabta. Ita na saya. Na shanya ta a rana kwana 3, tela ya ɗinka mata sabuwar riga, sauran kuɗin na sayi littattafai.

Wani maƙwabcina ya sayi tasa da magariba, bai duba ba. Kafin wata 2 ƙwari suka cika masa ɗaki, har cikin akwatin tufafi. Dole ya ƙone katifar, ya sayi magani, ya koma kan tabarma. Ga asarar kuɗi, ga gyangyaɗi a aji.

Saboda haka, mai hali ya sayi sabuwa, hankalinsa ya kwanta. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi ta gwanjo, amma da rana, bayan ya ɗaga, ya danna, ya buɗe ɗinki. In bai sami mai kyau ba, ya haƙura da tabarma tukuna. Tabarma mai tsabta ta fi katifa mai ƙwari.