Zuwa ga Babana, daga Yelu

Babana,

Na ba uwarka takardar nan ta ajiye maka har ranar da za a fara kiranka zaman sulhu. Za a kira ka kuwa, don ka gaji fuskar da mutane ke sakin jiki da ita. Tsorona kada ka gaji sauran halin.

A Yelu ana ce mini mai haƙuri. Kada ka yarda da maganar duka. Rabin haƙurin nan nauyin ido ne, sauran kuma gudun kada wani ya daina gaishe ni a ƙofar masallaci.

Ka san burtalin da shanu ke bi su gangara fadama. Gonaki suka yi ta cinsa, bana taku biyu, baɗi taku uku, kuma wanda ya fi ci surukina ne. Fulani suka kawo ƙara gaban dattawa, ina cikinsu. Babu wanda bai san iyakar ba, ai giginyun bakin hanya ba su gusa ba. Aka yi ta kallon juna. Ni na ce a bari sai an kawar da amfanin gona. Da aka kawar, muka ce sai wane ya dawo daga Kamba. Kafin ya dawo ruwa ya sauka, an yi shuka, to wa zai ce a tuge gero?

Doka ba ta bar mana mafaka ba. Tun 1993 Nijar ke da dokar karkara, wadda ta hana mutum ɗaya mallake hanyar dabbobi. Akwai kwamitin filaye tun daga ƙauye har Gaya. Rigima gaban maigari ko sarki take farawa, a rubuta takardar sulhu, in ta faskara a je wurin alƙali. Duk an tsara. Abin da ya rage wani ya buɗe baki a gaban ɗan'uwansa. Muna kuma sane da Toda, can ƙasar Maradi, inda a 1991 aka kashe mutum fiye da 100 kan rikicin gona da kiwo, yawancinsu mata da yara. Mukan ambace ta, mu ce Allah Ya kiyaye, mu shafa fatiha, mu watse.

Da kaka, wani yaro sa'anka ya koro shanu bai sami hanya ba, suka faɗa cikin wake. Aka doke shi, ubansa ya sayar da karsana ya biya ɓarna. Jiran da muka yi su kaɗai suka biya kuɗinsa. Surukina ya ɗaure dammunansa lafiya lau.

Ina kallonka in kana raba wa ƙannenka muruci. Wanda ya fi kuka shi kake ƙara wa, mai shiru ka ce masa gobe. Raina kan yi sanyi da taushin zuciyarka, sannan gabana ya faɗi, don na san inda goben nan take kai mutum.

In ka rasa ta cewa a zama, tuna uwarka. Surukin nan yayanta ne, ciki ɗaya. Ita ta taka har gidansa ta ce ya janye shukarsa daga burtali, ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwarta, ba ta fasa aika masa tuwon sallah ba.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka