Daren Da Na Ga Jita Tana Magana A Agadas

Mu 'yan Maƙarfi, kamar takwarorinmu na Ikara da Kudan, a waya muka san waƙa. Ka kai katinka wurin mai turi a kasuwa, ya cika maka shi, ka dawo gida kana sauraro. Ko a gidan biki, mai lasifika ake ɗauka ya saki waƙoƙin da aka haɗa a kwamfuta. Da yawanmu za mu gama sakandare ba mu taɓa ganin kiɗa yana fitowa daga yatsun mutum ba.

Ni na gani a dogon hutun 2018, bayan na gama aji uku na ƙaramar sakandare. Kawuna yana fataucin mazarƙwaila da busasshen barkono zuwa Nijar, sai ya tafi da ni in taya shi lissafi. Muka bi ta Kano da Daura da Damagaram, har muka isa Agadas, birnin Abzinawa mai doguwar hasumiyar masallaci ta ƙasa wadda tsawonta ya kai mita 27.

Kwana uku da saukarmu, mai masaukinmu ya gayyace mu bikin auren ƙaninsa. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a wani fili, aka tayar da janareta. Samari huɗu sanye da rawani suka fito, biyu da jitar lantarki, ɗaya da jita mai kaurin murya, ɗaya a kan ganguna. Babu dandamali, babu tikiti. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, yara kuwa har kan katanga.

Da farko kiɗan ya taho a hankali, kamar tafiyar raƙumi. Can mai ganga ya ƙara wuta, mata suka ɗauki tafi da guɗa, samari suka shiga fili biyu-biyu suna rawa, ƙura ta tashi. Ni dai idona yana kan yatsun jagoransu. Yakan danne tsirkiya ya ja ta sama, sai jitar ta yi wani kuka mai shiga zuciya. Ana cikin haka tsirkiya ɗaya ta tsinke, bai tsaya ba, ya ƙarasa waƙar da sauran biyar. Ba na jin harshen Tamashek, amma tsigar jikina sai da ta tashi.

Na ce, "Kawu, wannan ai kiɗan Turawa ne."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, rufe idonka ka saurara da kyau. Me kake ji?"

Na rufe. Wallahi sai na ji kamar molo ko gurmi aka ba wa ƙaton maƙogwaro. Jitar baƙuwa ce, amma salon na gida ne. Abzinawa sun ɗauko shi daga molonsu na gargajiya da kiɗan tande, wanda mata ke yi da turmin da aka rufe da fata. Turawa suna kiransa bulus na sahara, don ya yi kama da bulus, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da masana da dama ke danganta tushensa da Afirka ta Yamma.

Daga baya na karanta labarin manyan wannan salo. Bombino, ɗan yankin Agadas, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso lokacin tawayen 2007. A 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin garin, don murnar zaman lafiya. Kundinsa mai suna Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka saka cikin masu takarar kyautar Grammy. Shi kuwa Mdou Moctar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta mawaƙan finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya, yau ga shi yana zagaya Turai da Amurka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗannan samari ba su jefar da na kakanninsu ba, ƙarfi suka ƙara masa. Mu fa? Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna a duniya. Haruna Uji ya yi fice da gurmi, Garba Supa da Hassan Wayam da kukuma. A ajinku, mutum nawa ne za su iya bambanta garaya da gurmi in an ajiye su a gabansu? In tsofaffin da suka iya suka ƙare ba wanda ya koya, sai dai mu ga kayan a gidan tarihi.

Ban ce kowa ya ajiye littafi ya ɗauki jita ba. Amma ran kasuwa ko ran biki, in kun ga mai kukuma ko mai garaya, ku tsaya ku kalli hannunsa. Ku gaishe shi, ku tambaye shi wurin wa ya koya, da shekara nawa ya yi yana koyo. Ku roƙi malaminku na Hausa ya gayyato shi makaranta ranar al'adu, ku naɗi kiɗan da izininsa, ku rubuta tarihinsa. Wata rana a cikinku za a sami wanda zai jona gurmi da lasifika, duniya ta saurari Maƙarfi yadda take sauraron Agadas.