Majigin Mormon da Masu Waiwaye

Can yammacin ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Yuta, babban birninta Salt Lake. Waɗanda suka kafa birnin nan mabiyan wata ɗariƙa ce ta Kirista, wadda aka fi sani da sunan Mormon. Joseph Smith ne ya kafa ta cikin 1830. Da aka kashe shi a 1844, sai Brigham Young ya kwashi jama'a ya yi ƙaura da su, suka sauka Yuta a 1847. A zamanin nan suna auren mace fiye da ɗaya, abin da dokar Amurka ba ta yarda da shi ba, har shugabansu ya hana a 1890. Amma fa suna ya riga ya fita.

To, da sana'ar majigi ta kankama, masu ita suka ga ai ga labari mai kawo kuɗi. Cikin 1911 aka yi wani fim a ƙasar Denmak mai suna A Victim of the Mormons, watau wadda Mormon suka cuta. A 1922 kuma aka yi wani a Ingila, Trapped by the Mormons, inda aka nuna mai wa'azinsu yana kallon budurwa da wasu idanu kamar na maye, har hankalinta ya gushe ta bi shi. Masu wa'azin da ke Ingila a lokacin su ne ke bin gida gida suna sallama, su ne kuwa a kan rufe wa ƙofa.

Mormon ba su zauna ba. Tun 1913 aka fito da One Hundred Years of Mormonism, wanda ya ba da tarihinsu yadda su suke so a ji shi. A 1953 suka buɗe ɗakin yin fim a jami'arsu ta Brigham Young, suka ɗauko Wetzel Whitaker daga kamfanin Disney ya shugabance shi. Sa'an nan a shekarar 2000 wani ɗan ɗariƙar, Richard Dutcher, ya yi God's Army ba da kuɗin coci ba, ya kai shi gidajen sinima, samari suka biyo sahunsa.

Yau a kan shirya taron waiwaye, watau a tattaro tsofaffin fina-finai a nuna su bi da bi, masana su yi bayani kafin a kashe fitila. Masu shirya irin wannan sun sami jagora a rubutun Randy Astle da Gideon Burton na 2007, waɗanda suka kasa tarihin kashi biyar. Kason yana da amfani, ko da ya ke ya kan sa mai kallo ya zaci kome tafe yake a jere kamar raƙuman ayari, alhali kuwa ba haka aka yi ba.

Wahalar da ta fi wannan ita ce, me za a nuna daga zamanin farko? Tsohon fim da wani irin sinadari aka yi shi, mai saurin ruɓewa da kama wuta, saboda haka da yawa sun hallaka. Fim ɗin nan na 1913 yana cikin waɗanda suka ɓace. Na Ingila kuwa, mai zagin, yana nan garau. Mai shirya taro ba shi da zaɓi: in ya bar shi, ya ɓoye irin zagin da ya tunzura Mormon suka kama sana'ar, in ya saka shi, ya ba baƙo shimfiɗar mai gida.

Galibi saka shi a kan yi, hakan kuwa ya fi gaskiya. Sai dai akwai abin lura game da yadda a ke karɓarsa. Jikokin waɗanda aka zaga su kan zauna su yi ta ƙyalƙyala dariya in idanun nan suka cika majigi, har ma cikin 2005 wasu suka sake yin fim ɗin don wasa. Dariyar ba laifi ba ce, amma ta kan rufe abu biyu. Ta kan mantar da mutane cewa waɗanda suka kalle shi a 1922 da yawa gaskatawa suka yi. Ta kan kuma sa a ɗauka duk zargin ƙarya ne, alhali auren nan an yi shi shekara da shekaru, satar 'yan mata da sihirin ido ne ƙagen.

Shi ya sa mai bayani ya kan daɗe a tsaye kafin a kunna na'ura. In ya zo kan amsar da Mormon suka bayar a 1913, ba shi da abin sakawa, sai ya ɗaga 'yan hotuna da tallan jarida ya nuna wa jama'a.