Bokan da ke ɓoye cikin kalmomin Ingilishi

Duk wanda ya yi Ingilishi daga kwaleji zuwa bak ya san wannan jerin: charm, enchant, fascinate, captivate, enthrall, mesmerize. Mushe ya rubuta su bisa allo, ya ce duka ma'anarsu guda ce, wato burge mutum har ya cika da daɗi da mamaki. Mu kwafe cikin kaye, mu haddace, ranar jarrabawa mu zuba wadda ta fara zo mana a kai. Ni dai ban yarda ma'anarsu guda ba ce. Kuma tun da na fara bin asalinsu cikin ƙamus, na lura da wani abu da ya hana ni sakat: kusan babu ɗaya cikinsu da ta fito daga farin ciki. Daga tsafi suka fito, ko kamu, ko bauta.

Mu ƴan Nijar muna da sa'a a nan, don Faransanci ya riga ya buɗe mana ƙofar. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci sun kwarara cikin Ingilishi, shi ya sa enchant take ƴar'uwar enchanter, charm kuma ta charmer. Dukansu biyu daga waƙa suke. Enchant ta samo asali daga incantare na Latin, rera wa mutum surkulle. Charm daga carmen, waƙa ko kalmomin tsafi, kuma har gobe a Ingilishi charm tana nufin laya. Ke nan in ka miƙa wa baƙo hannu a Yamai ka ce "enchanté", abin da bakinka ya faɗa shi ne an asirce ka. Ba wanda ke jin haka yanzu, ba shakka, amma yana nan kwance.

Fascinate ta fi ba ni dariya. Asalinta fascinum, sammun da Rumawa suka yi imani ana jifan mutum da shi da ido ko da baki. Wannan ai kambun baka ne, ƴan'uwa. Abin da ya sa iyayenmu mata ba su yaba jariri sai sun haɗa da tubarkalla, shi ne dai Rumawa ke tsoro. Su ma layu suke rataya wa yaransu. Yau ɗalibi zai rubuta "this book fascinates me" yana jin ya waye, ya bar camfin ƙauye baya.

Akwai waɗanda ba na dariya ba. Captivate daga captive take, kamamme. Enthrall kuwa daga thrall, tsohuwar kalmar mutanen arewacin Turai mai nufin bawa. Enthrall a farko ita ce mayar da mutum bawa. Mai karatu a Landan na iya wuce wannan kalma ba tare da ta taɓa shi ba. Mu a nan sai a 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuffukan da doka ke hukuntawa, kuma a 2008 ne kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya kan ƙasar Nijar, wadda ta kasa kare ta bayan an sayar da ita tana yarinya. Akwai masu zama aji ɗaya da mu da har yau ake hana su aure saboda asalin kakanninsu. Don haka ni ba na iya rubuta wa yarinya cewa ta yi enthralling ɗina. Wani ya ce na cika tsanani. Ya faɗa.

Mesmerize sunan mutum ce. Franz Anton Mesmer likita ne Bajamushe da ya je Faris a 1778, yana cewa akwai wani ƙarfi marar ganuwa da ke gudana cikin jikin mutane, shi kuma ya iya juya shi ya warkar. Manyan gari suka yi ta tururuwa, suna faɗuwa suna shure-shure a ɗakinsa. A 1784 sarki Luwi na 16 ya kafa kwamitin bincike, har da Benjamin Franklin da Lavoisier a ciki, suka ce babu wani ƙarfi, tunanin majinyatan ne ke aiki. Da a Maradi ya yi wannan, da sunansa boka. Da yake a Faris ne, sai ya shiga ƙamus.

Abokaina na fada kan ce Hausa ba ta da irin wannan wadata, "burge" kawai gare mu. Su saurari bakinsu mana. Ta tafi da imanina. Ya ɗauke mini hankali. Ta sace zuciyata. Waƙar nan ta kama ni. Ko asirce ni kika yi? Sata, kamu, asiri, hanyar da Ingilishi ya bi ke nan. Bambancin kawai, namu a fili yake, kowa na jin satar cikin maganar, nasu kuwa Latin ya rufa masa asiri. "Tafi da imani" ma ban ga kalmar Ingilishin da ta kai ta nauyi ba, don mai faɗinta ya san abin da ya fi daraja wurinsa ya ambata.

Wadda na fi so na bar ta ƙarshe, ko da yake ba ta cikin jerin mushe: glamour, ƙyalƙyalin taurarin fim da mawaƙa. Kalmar grammar ce mutanen Sikotilan suka lanƙwasa. A zamanin da masu karatu ba su da yawa, talaka na ganin wanda ya san nahawun Latin ya san sihiri, sai kalmar ilimin rubutu ta koma nufin asirin da ke rufe ido, marubuci Walter Scott kuma ya yaɗa ta cikin littattafansa. Spell ma haka take, jera haruffan kalma da jifan asiri duka spell ne. Duk wanda aka taɓa wanke wa allo ya sha rubutu daren jarrabawa, bai buƙatar a yi masa bayanin yadda aka yi tawada da asiri suka haɗa suna. Ni na sha kafin BEPC, kuma na ci.