Na Ɗora Wa Hunturu Laifi

Hunturun Azare ba ya wasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska na busar da komai, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, in ka tuɓe rigar sanyi cikin duhu har tartsatsi kake gani. Shi ya sa da laftof ɗina ta fara ja na a wannan lokacin ban tsaya dogon tunani ba, na ce hunturu ne.

Alhali bambancin a fili yake. Jan hunturu sau ɗaya ne, ya tsunkule ka ya wuce, domin cajin da ya taru a jikinka ne ya sami hanyar fita. Wannan kuwa ba ya wucewa. In na shafa gefen kwamfutar inda ƙarfe yake, sai in ji zirrr a ƙarƙashin fata, kuma yana nan muddin hannuna na kai. Na zare caja, ya ɗauke. Na mayar, ya dawo. Ina ruwan hunturu da jona caja? Na gani sarai, na kau da kai, don na riga na yanke hukunci.

Sai na gano cewa in ina sanye da silifa ba na jin komai. Nan na kafa doka a gida: duk mai taɓa kwamfuta ya sa takalmi. Har wani daɗi nake ji, wai na yi dabara.

Daga baya na karanta yadda abin yake, karatun ma ya ƙara ɓatar da ni. Caja tana karɓar wutar bolt 230 daga bango ta sauke ta zuwa wajen bolt 19. A cikinta akwai wani ɗan ƙaramin kafasito da ke rage hayaniyar lantarki, ta nan wuta 'yar kaɗan ke ɗigowa zuwa jikin kwamfuta. A caja mai ƙafa biyu wannan ɗigon ba shi da inda za shi sai jikin mutum, kuma in cajar mai kyau ce bai kai miliamfa ɗaya ba, ba ya cutarwa. Na ce to, ashe ba komai. Abin da na ƙi dubawa shi ne tawa cajar mai ƙafa uku ce. Doguwar ƙafar nan ta sama aikinta ke nan, ta kwashe ɗigon ta kai shi ƙasa. Tun da har ina jin sa, hanyar ƙasar ce ta yanke a wani wuri.

Damina ta faɗi, siminti ya ɗauki laima. Wata yamma 'yata ta shigo daga tsakar gida da jiƙaƙƙun ƙafafu, ta ɗauki laftof za ta yi aikin makaranta. Ƙarar da ta yi ba irin ta wasa ba ce. Ta yar da ita, ta riƙe hannu tana cewa, "Baba, har kafaɗata!" Sai uwarta, wadda ke sayar da zoɓo da kunun aya, ta ce, "Malam, ai firiza ma ta daɗe tana ja na. Silifa nake sawa, yadda ka ce."

Mai wayarin da na kira dattijo ne, ba ya gaggawa. Na fara yi masa ƙorafin NEPA, kamar yadda har yau muke kiran masu wuta ko da yake tun 2013 kamfanin JED na Jos ne ke raba ta a Bauchi. Ya ce, "Malam, tasu ta tsaya a mita. Daga nan ciki naka ne." Ya buɗe soket, wayar ƙasa mai kore da rawaya tana ɗaure daram. Ya buɗe na biyu, haka. Sai ya zagaya bayan ɗaki ya sa aka tona inda aka binne rodin da ke kai wuta ƙasa. Tsatsa ta cinye mahaɗin, waya ta rabu da ƙarfen, rodin kuma yana tsaye cikin yashin nan namu na ƙasar Katagum, shi kaɗai.

"At ɗinku ya mutu," in ji shi, wato hanyar ƙasa. Wayar ƙasa tana haɗe da kowane soket a gidan, amma ba ta taɓa ƙasa. Ya juya firiza, ga wayar kwamfaresa ɓera ya gwigwiye ta, ga laima. Wutar da ke tsiyaya a jikin firiza ta bi koriyar waya tana neman mafita, ta zagaye ɗakuna, ta shiga ta doguwar ƙafar cajata ta hau jikin laftof. Ya ɗora testa a gefen kwamfutar, ta kama ja wur. Ya zare firiza, hasken ya dushe.

Na ce, "Injiniya, to fis fa? Me ya hana shi ƙonewa?" Ya yi dariya. Fis ɗin cikin filogi na amfa 13 ne, waya yake tsarewa kada ta kama da wuta. Mutum kuwa, wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba tana iya rikita masa bugun zuciya in ta ratsa ƙirji.

Ya kafa sabon rodi mai rufin tagulla, ya zuba gawayi da gishiri a ramin, ya kwarara ruwa. Ya ce gishirin na taimaka wa wuta shiga ƙasa amma yana cin ƙarfe, don haka a riƙa duba mahaɗin duk shekara, a riƙa jiƙa wurin da rani. Ya sa mini burekar da ke yanke wuta da zarar tsiyaya ta kai miliamfa 30, ya nuna mini maɓallin gwajinta. Kuɗin ya ciji aljihuna, firiza kuma ta tafi wajen gyara, cinikin zoɓo ya tsaya.

Yana tattara kayansa ya hango ƙaramin janareta a gindin darbejiya. Ya ɗaga wayarsa ya duba bakinta: silli biyu ne kacal. "Wannan ma ba shi da at, Malam." Muka yi da shi zai dawo in an yi albashi.