Jika Ashirin, Dala Ashirin

A watan Afrilu na 2022, ana tsakiyar azumi, ina sitaj a wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta a Magarya. Ni ɗan Guci ne, karatuna a Damagaram, shekara ta uku. Cibiyar tana da kwamfutoci 15 da uwar garke guda, wato babbar kwamfutar da a aji muke ce wa serber. A cikinta aka zuba bidiyon darussa da tsofaffin takardun jarrabawa, don masu shirin BEPC da bak su yi bita ba sai da intanet ba. Ranar da na zo direkta ya miƙo mini makulli yana dariya, ya ce, "Ga ɗan jami'a nan, mun huta."

A makon farko na lura rezon uwar garken yana yankewa yana dawowa. Na bincika a wayata, na samu wani umarni na ethtool da ke hana katin rezo daidaitawa da kansa, ya ɗaure shi a gudun megabit 100. Na kwafa, na sa shi ya riƙa tashi tare da na'urar. Yankewa ta tsaya cak. Ban gaya wa kowa ba, na dai ji daɗin kaina.

Bayan kwana biyu kuka ya fara. Ɗalibi zai buɗe bidiyo, malamin cikin bidiyon ya ɗaga hannu zai rubuta, sai ya sandare a haka. In mutum biyar suka buɗe tare, to sai dai a tashi. Na gwada ping, amsa na dawowa lafiya lau. Na ce to hanya ƙalau take, kati ne ya tsufa.

Kafin nan an riga an samu mai laifi. Akwai ɗan maigadi, yaro ɗan shekara 14, shi ke share ɗakin, in ya gama ya zauna a kwamfutar ƙarshe yana koyon rubutu. Wani ya ce ai shi ne ke kwasar fim da dare yana shanye rezo. Na san zancen banza ne, rezon cikin ɗaki ba katin waya ba ne da zai ƙare. Amma na yi gum, don zargin ya kauce daga kaina. Aka hana yaron taɓa kwamfuta.

Na ce wa direkta a sayo sabon kati. Ya cire jika 20 daga kuɗin da ɗalibai ke biya, ya ba wani direba mai zuwa Kano. Kati ya zo, na sa, kuma don ya yi aiki "kamar na da" na kwafe masa saitin nan nawa. Ba abin da ya canza. Direkta ya dube ni, bai ce uffan ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a na gudu gida Guci. Da safe na bi Baba lambu, ina tafe ina saƙe-saƙe. Ya tayar da injin ban ruwa, amma ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba. Na ce, "Baba, injin nan ya gaji." Ya ce, "Kai yaro, ba ka ji kukansa? Yadda ya saba ne. Bi mini tiyo." Na bi taku-taku, sai ga inda ya lanƙwashe a ƙarƙashin wani tushe. Na miƙe shi, ruwa ya wuce. Baba bai san abin da ke damuna ba, ni kuwa a nan na gane cewa mako biyu ina zargi, ban auna komai ba ko sau ɗaya.

Daren Lahadi bayan asham na koma cibiyar ni kaɗai. Na jona kwamfutata a suwic, akwatin da ke rarraba layi, na auna da iperf3 tsakanina da uwar garke. Katin da ya kamata ya kai kusan megabit 1,000 a daƙiƙa, abin da ya ba ni bai kai 5 ba. Na duba ƙididdigar katin, ga kurakurai jibge, suna ƙaruwa a gaban idona. Sai darasin shekara ta biyu ya faɗo mini, wanda na haddace don jarrabawa kawai.

Ga yadda abin yake. Idan aka jona kati da suwic, sukan yi wata ƴar gaisuwa su daidaita abu biyu: gudun da za su yi, da kuma ko za su aika su karɓa a lokaci guda ko sai dai bi da bi. In ka hana ɓangare ɗaya gaisuwar, ɗayan zai iya gane gudun daga siginar, amma ba zai gane na biyun ba, sai ƙa'ida ta sa ya ɗauki bi da bi. Ke nan uwar garkenmu tana zuba magana ba tsayawa, shi kuwa suwic duk lokacin da ya ji ta yana cikin tasa maganar sai ya ɗauka karo aka yi, ya katse, ya sake daga farko. Ƙaramin saƙo irin na ping yakan sulale ya wuce, shi ya sa ya ruɗe ni. Bidiyo kuwa ba ya tsira. Ni na ɗaure wannan ƙullin da hannuna, har sau biyu.

Na goge saitin. Awo ya haura zuwa 94. Na yi hamdala, amma fitilar suwic ta nuna har yanzu a 100 muke, can kuma sai tsohuwar yankewar ta dawo. Ashe cutar farko tana nan, rufe ta kawai na yi. Wayar rezo silli 8 ne a cikinta, biyu-biyu a murɗe. Gudun 100 huɗu kawai yake amfani da su, gudun 1,000 kuwa sai duka takwas sun cika. In ɗaya ya samu rauni, ko dai kati ya sauko 100, ko ya yi ta yankewa. Na kunna tocila na bi waya taku-taku. A bayan kabad, kusa da kan wayar, ɓera ya gatsa. Silli mai ruwan ƙasa saura ƙiris ya rabu. Na yanke wurin, na matsa sabon kai na RJ45. Kuɗinsa dala 20. Awo ya nuna 940.

Na zauna a ƙasa har aka fara kiran sahur. Abin da ya fi sauƙi shi ne in ce sabon katin ne ya "zauna". Ba wanda zai gane. Na yi ta juya wannan ƙaryar a raina, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta yi mini kyau.

Da safe na shiga ofis na ce, "Mushe, tsohon katin lafiyarsa ƙalau. Laifina ne." Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana kallon takardun gabansa, sannan ya ce, "Kuɗin yara ne. Za ka biya rabi." Daga ɗan kuɗin motar da yake ba ni na biya, wata biyu. Ya ƙara da cewa, "Yaron maigadi fa, ba ni zan kira shi ba."

Na same shi a ƙofa yana wanke buta. Na ce masa ba shi ya ɓata rezo ba, ni ne, ya yi haƙuri. Ya ce, "Ai na sani, yaya. Ni ko fim ɗin ban iya saukewa ba." Bai shigo ranar ba, bai shigo washegari ba. Sai bayan salla na gan shi a kwamfutar ƙarshe.

Ƴan uwana masu shirin fita sitaj, in na'ura ta yi nauyi, ku auna kafin ku buɗe baki. Ku duba gudun da kati ya tsaya a kai, ku duba kurakurai, ku canza waya, ku canza rami a suwic, sannan a yi zancen kasuwa. Duk saitin da kuka taɓa ku rubuta a littafi da kwanan wata. Tsohon katin yana cikin jakata har yau. Direkta ya ce in tafi da shi, tunda na biya rabin magajinsa.